Mala'ika Mai Bindiga a Ɗakin Casiano

Tarata, 5 ga Satumba, 1994

Noemí,

Sai da na tura ƙofar babban ɗaki na ga bangon yamma, sannan na gane abin da ya sa Sabina maƙwabciyata ta ƙi haɗa ido da ni lokacin da take miƙo mini makulli. Gawar kawunki Casiano tana waje a cikin mota, maza suna jira in nuna musu inda za su sauke akwatin. Da farko na ɗauka ruwa ne ya ci bangon. Da na matsa sai na ga ido yana kallona. Wani ƙato ne mai fukafukai, da hula mai gashin tsuntsu, ya rungume bindiga, daidai inda muke jingina teburin abincin matattu kowace shekara.

Na ce, "Sabina, wane ne wannan a ɗakina?"

Ta ce, "Mala'ika ne, in ji 'yarku mai karatu."

Na ce, "Ina farar ƙasar da ke kai?"

Ta ce, "Comadre, ƙawata, ni na share ta da hannuna, na zubar a rafi. Ce mini ta yi datti ne."

Ga shi ban ma gaishe ki ba. Ina fata kina lafiya a Meziko, karatu yana tafiya. Ni ƙafafuna sun kumbura saboda zaman bencin asibiti, ban da wannan da sauƙi. Kawunki ya rasu ranar sha tara ga Agusta a Cochabamba. Bai sha wahala sosai a ƙarshe ba, barci ya fi yi.

A ƙarƙashin mala'ikanki muka yi zaman makoki. Mutane suna shigowa da hula a hannu, su nufi akwatin, sai ido ya ɗauke su zuwa bango. Wani har ya juya wa mamaci baya yana ƙirga maɓallan rigar zanen. Mutumin da ya yi wa rabin garin nan ƙofofi da tagogi, ranar da ya kamata a kalle shi, bango aka kalla.

Na san abin da za ki ce. Kin rubuto mini a asibiti kina so ki auna gidan saboda wannan digiri na biyu da kike yi na adana tsofaffin gine-gine, ni kuma na amsa cewa gidanki ne, ki yi yadda kike so. Noemí, haka ake ce wa kowa. Haka nake ce wa mai duba mitar wuta, kuma bai taɓa kankare mini bango ba. Na ɗauka igiyar awo za ki kawo da fensir.

Ke ba ki zauna da mu ba, to bari in gaya miki abin da kika zubar. Tun shekarar da aka ɗaura mana aure, kowane ƙarshen Oktoba Casiano yake jiƙa farar ƙasa a rabin durom, ya zuba gishiri, ya ɗaura fatar tunkiya a sanda, ya shafe ɗakin nan kaf kafin ranar da matattu ke zuwa. Uwarsa ce ta bar masa wannan: ruhin da ya zo ya tarar ba a shafe ɗaki ba, zai ɗauka ba a jiransa, ya juya. Bara ciwo ya riga ya kama shi amma ya ƙi bari kowa ya taya shi. Bangon yamma a tsaye ya yi shi. Na gabas a zaune, ina ja masa kujera gaba gaba, ina riƙe da bokiti. Ana ganin inda hannunsa ya gaji, shafar tana gajarta tana karkacewa. Duk watannin asibiti abin da nake gaya wa kaina ke nan, in na koma gida zan zauna tsakanin bangon nan biyu.

Yanzu saura ɗaya. Bana kuma shi ne sabon ruhu, shi za a yi wa babban tebur. Ki gaya mini wa ya ba ki izini, ki kuma gaya mini yadda zan mayar da bangona fari.

Eulogia, matar kawunki

Birnin Meziko, 23 ga Satumba, 1994

Inna Eulogia,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya. Allah ya ji ƙan Kawu Casiano, ya ba ki haƙuri. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, ki rage gishiri. Ni lafiyata ƙalau, sai tarin hayaƙin garin nan.

A waya na ji rasuwar, daga bakin mamata, bayan an yi kwana tara. Babu wanda ya ga ya dace a sanar da mu. Wasiƙarki ta farko gare ni a kan mutuwarsa kuma, layi biyu ne nasa, sauran duk tuhuma.

Zan faɗa miki yadda aka yi, ba ƙari. An koya mana mu buɗe 'yar taga a jikin bango, kamar faɗin kwalin ashana, da wuƙar likita, mu ga abin da ke ƙasa. Shi na yi. A ƙarƙashin farar ƙasar sai na ga launin ja, sai yatsa. Na ƙara kaɗan, sai hannu. Inna, zanen nan ya haura shekara ɗari biyu. A coci ake samun irinsa, a gidan zama kusan babu. Malamaina da suka tsufa a aikin nan ba su taɓa cin karo da shi ba. Da kina wurin da kin ga yadda fuskar ta fito, ba na jin za ki ce in tsaya.

Na yi baƙin ciki da abin da ya faru a zaman makoki. Amma farar ƙasa farar ƙasa ce, ana sayar da ita a buhu a kasuwar Cliza. Ban kankare Kawu ba. Ki daina rubuta mini kamar na tone kabari.

Yanzu ga abin da nake roƙo, ki karanta da kyau. Kada ki taɓa bangon. Kada ki wanke, kada ki goge da tsumma, kada ki jingina komai. Fiye da duka, kada ki shafa masa farar ƙasa. Launin a buɗe yake yanzu, ban samu na kafe shi ba kafin hutuna ya ƙare. In ɗanyar farar ƙasa ta hau kansa za ta cinye shi, ranar da aka zo cirewa tare za su fita. Na riga na kai rahoto ofishin kula da kayan tarihi a Cochabamba, za su zo su gani. A Disamba zan dawo da malamina mu buɗe bangon gabas, domin irin waɗannan mala'iku ba a zana ɗaya shi kaɗai, na tabbata akwai ɗan'uwansa a can. Duk aikin digirina a kan ɗakin nan ya tsaya.

Kin tambaye ni wa ya ba ni izini. Ke kika ba ni, a rubuce. In kuma wannan bai isa ba, kakata Basilia a ɗakin nan aka haife ta, ita da mahaifin Kawu ciki ɗaya suka fito. Da aka raba gado ta bar gidan da tukunya ɗaya da bargo, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ban zo neman ɗaki ba. Amma bangon ya girme ki, ya girme ni, kuma ba aure ne ya gina shi ba.

'Yarki,
Noemí Arnez

Tarata, 10 ga Oktoba, 1994

Malama Noemí,

Na ga takardarki. Ina gaishe ki, Allah ya sawwaƙe tarin. Kumburin ƙafafu ya sauka, yanzu barci ne babu.

Mutanenki sun riga wasiƙarki isowa. Su biyu, da takalma masu ƙyalli. Ko gaisuwar mutuwa ba su yi mini ba, ga ni cikin baƙaƙen kaya. Ɗaya ya ɗauki hoto, ɗaya ya manna takarda a ƙofata mai hatimi. Ya ce, "Señora, daga yau ko ƙusa ba za ki buga a ɗakin nan ba." Na ce, "To hoton mijina fa, a goshina zan rataye shi?" Bai yi dariya ba. Ya ce akwai tara, akwai kotu.

Tun daga ranar gidana ya zama coci. Takardar ce ta sa kowa ya yarda abin babba ne. Da sassafe ake buga mini ƙofa. Matar mai burodi ta kawo ɗanta da za a ɗauka soja, wai tunda mala'ikan yana da bindiga shi zai tsare shi. Wata daga ƙauye ta zo da kaza. Ana cewa babban mala'ika San Miguel ne. Fada, limamin cocinmu, ya leƙo ya ce ba San Miguel ba ne, bai san ko wane ne ba, amma bai hana kowa ba. Kyandir jere a gindin bango, kakin ya cika mini daɓe. Jiya na fito daga kicin na tarar da wata tsohuwa da ban sani ba zaune a kujerar Casiano tana cin dafaffiyar masara. Na ce ta tashi. Ta ce, "Haba mamita, ai gidan Allah ne." Ko wurin da zan yi kuka babu, sai bayan murhu.

Kin ce da ina wurin ba zan ce ki tsaya ba. Ina wurin da ya kamata in kasance, ina juya kawunki a gado ina goge masa baki. Kin san inda nake. Mota ɗaya ce daga nan zuwa asibitin. Kin yi makonni kina kankara, ba ki zo kin tambaya ba, ba ki zo kin duba shi ba. Yanzu ke ce mai fushin ba a sanar da ke ba.

Maganar Basilia kuwa, kin ci sa'a Casiano ba ya nan ya karanta. Ni ban zo gidan nan ba sai bayan an gama rabonsu. Abin da na sani, duk shekarun da rufin ke yoyo, ban ga wani ɗan gidan Arnez a kan tsani ba. Aure bai gina bangon ba, gaskiyarki. Aure ne dai ya hana shi faɗuwa har kika girma kika zo da wuƙa.

Ga wadda ta fi ci mini rai. Kin rubuta bangon gabas kamar kina cewa gobe za ki je kasuwa. Na gaya miki a zaune ya shafe shi, na gaya miki shi kaɗai ya rage. Ko ba ki karanta wurin ba ne? In akwai mala'ika goma a ƙasa, su zauna inda suke. Ranar da kika shigo da malaminki, da tabarya zan tare ku, ki gaya masa tun yanzu.

Sabina ta ce ta ga kin zuba wasu ɓarɓashin bangon a 'yan ledoji kin rubuta musu lamba. Ba naki ba ne. Ki dawo mini da su.

Na sayo farar ƙasa, tana jiƙe a durom. Ranar ɗaya ga Nuwamba da tsakar rana Casiano zai zo, karo na farko. Ke da kika yi karatu har ƙasar waje, gaya mini: in ya leƙo ya ga ɗakin ba a shafe ba, ga baƙo da bindiga a tsaye a kan teburinsa, me zai ɗauka? Ban tambaye ki abin da littafi ya ce ba.

Eulogia

Birnin Meziko, 24 ga Oktoba, 1994

Inna,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, jiya ta zo, a tsaye na karanta ta a bakin ƙofa. Ina fata wannan ta same ki kafin ranar.

Kyandir! Inna, don Allah ki kashe su. Hayaƙinsu zai yi wa zanen baƙi, zafin zai sa launin ya tashi. Ki rufe ƙofa, ki ce ofis ne ya hana. Ban taɓa tunanin haka zai faru ba.

Tunda kina so ki ji na sha wuya, to ga shi. Na nuna wa malamina hotuna a gaban 'yan ajinmu, ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa zai kula da shi yanzu?" Ya ce an aike ni in buɗe taga na rushe ƙofa, wanda ya buɗe abin da ba zai iya karewa ba ɓarna ya yi, ko da sunan ilimi. Ya ce ba zai zo a Disamba ba, kuma bai yanke ko zai karɓi aikina ba. Shekara biyu ina wanke kwanuka a gidan abinci don in zauna a ajin nan. Ki ajiye tabaryarki.

Amma kuskurena ba zai sa naki ya zama daidai ba. Zanen bai yi miki komai ba. Wani ne ya tsaya a ɗakin nan ya yi shi da hannunsa, shi ma ya mutu, shi ba shi da mai yi masa tebur. Ki rataya baƙin ƙyalle a gabansa, ki bar tazarar tafin hannu, ki jingina teburin a nan. Ban san abin da Kawu zai ɗauka ba, ba a koya mana wannan ba. Na dai san shi kafinta ne, bai taɓa son a lalata aikin hannun wani ba.

Ledojin suna ɗakin gwaji, ba su hannuna. Guda ɗaya na ɓoye, ga shi cikin auduga. Ki kalle shi ta gefe a rana, za ki ga layi-layi. Na saman shi ne na bara.

In kika shafe shi, Inna, ba zan kai ƙararki ba, amma ba zan sake rubuto miki ba.

Noemí

Tarata, 6 ga Nuwamba, 1994

Noemí,

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, kafaɗa ce kawai ke ciwo. Takardarki ta zo shekaranjiya, bayan an sallami matattu an kwashe tebur.

Na shafe shi.

Na jira amsarki har Lahadin ƙarshen Oktoba. Da ba ta zo ba na ɗauka kin gama magana da ni ke nan. Da safe na kori masu kyandir, na sa sakata. Na nemi mai hawa tsani, babu. Mijin Sabina ya ce, "Comadre, ki yi mini rai, takardar nan mai hatimi ce, ni kuma ina da jikoki." Saura cewa suka yi ba za su ɗaga hannu a kan mala'ika ba. Sai na ɗaura fatar tunkiyar da kaina.

Daga takalmansa na fara. Na rufe rigar, na rufe bindigar, na kai har ƙirji, nan tsawon hannuna ya ƙare. Na hau kujera, jiri ya ɗebe ni, na sauko. Fuskar da hular da kan fukafukan suna nan, suna leƙe ta saman farin kamar mai leƙen katanga. Abin da kika faɗa gaskiya ne. Fatar ta dawo da ja a jikinta, ruwan bokitin ya koma kamar an wanke nama. Na ga haka ban tsaya ba. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan ce miki na yi nadama ba. Maganar baƙin ƙyalle da ta zo da wuri, wataƙila da na yi, wataƙila da ban yi ba. Kada ki ɗora wa gidan waya.

Abin da malaminki ya yi miki a gaban mutane bai yi mini daɗi ba, ko da kin ɗauka zai yi. Wankin kwanuka ma ban sani ba, mamarki cewa take gwamnati ke biya miki komai. Amma kada ki sake gaya mini abin da Casiano yake so. Sau uku kika taɓa ganinsa.

Tebur ya yi kyau. Sabina ta taya ni gashin burodi, mun yi mai siffarsa har da gashin baki, mun yi tsanin burodi da zai sauko ta kansa. Na dafa masa miyar gyaɗa, na ajiye chicha, giyar masara, a kofinsa na gwangwani, da ganyen koka da sigari. Da aka buga ƙararrawar tsakar rana muka buɗe ƙofa muka tsaya jiransa. Sabina ta ce ta ga harshen kyandir ya kwanta, ta ce, "Ga shi nan, ya shigo." Ni ban ga komai ba. Masu addu'a sun zo sun yi, sun karɓi burodinsu, rabinsu idonsu yana sama wurin fuskar. Washegari na ɗanɗana miyar, an ce in ruhu ya ci, ɗanɗanon yakan tafi. Gishirinta yana nan. Ban sani ba ko ya zo, Noemí. Ban sani ba ko ya leƙo ya juya.

In ya juya, ba ke kaɗai ba ce. Bayan na gama da mala'ikanki na ja bokitin zuwa bangon gabas, domin ɗaki duka ake shafewa, rabi ba ya karɓuwa, haka uwarsa ta ce, haka ya yi duk rayuwarsa. Na tsoma fatar, na ɗaga. Daidai wurin da na fara ja masa kujera ne, inda shafar ta soma gajarta. Na tsaya har farar ƙasar ta gangaro mini ta hannun riga. Sabina ta buga ƙofa ta ce, "Kin gama?" Na ce saura kaɗan. Ta dawo da la'asar ta sake tambaya, na sake ce mata saura kaɗan.

Ɓarɓashin da kika aiko ya iso bai fashe ba. Na kai shi rana, na ari gilashin Sabina. Na ga layukan, sirara kamar gashi, amma idona bai raba na sama da na ƙasa ba. Yana cikin kofinsa. Ba zan gode miki ba, nawa ne dama.

Mutanen ofis za su dawo wani mako, an ce wani ya kai musu labari. Su zo. Kin ce ba za ki sake rubutowa ba, wannan ya rage naki. In wata rana kin zo Tarata, ba zan hana ki ruwan sha ba, amma a tsakar gida za ki zauna.

Farar ƙasar tana nan a durom, na rufe ta da buhu, kullum ina ƙara mata ruwa kada ta bushe. Bangon gabas yana yadda ya bar shi. Ban shafa ba har yanzu.

Eulogia Terceros